Kwalba da Alkawari: Tarihin Fataucin Magani da Dokokinsa a Amurka

Har zuwa shekarar 1906 babu wata dokar tarayya a Amurka da ta wajabta wa mai haɗa magani ya bayyana abin da ya zuba a kwalbarsa, balle ta nemi ya kawo hujjar cewa abin yana warkarwa, saboda haka duk mai tukunya da kwalabe da kuɗin buga talla yana iya dama abin da ya ga dama, ya raɗa masa suna, ya aika da shi ta jirgin ƙasa da gidan waya zuwa kowane lungu na ƙasar. A cikin wannan sakaci ne wata sana'a ta yi shekaru fiye da 100 tana cin karenta babu babbaka, kuma hajarta mafi tsada iri biyu ce, wato sauƙi daga raɗaɗin ciwo da alkawarin dawo da ƙuruciya. Yawancin dokokin da ƙasar take taƙama da su a yau a kan ingancin magani da miyagun ƙwayoyi da zambar kiwon lafiya an rubuta su ne ana bin sawun wannan sana'a, galibi bayan an riga an yi jana'iza, kuma da wuya a sami wadda ta riga 'yan kasuwar isa ƙofar da za su bi nan gaba.

Tushen sana'ar yana Ingila, inda tun ƙarni na 17 masu haɗa magani suke neman takardar yardar sarki domin su keɓanta da sayar da haɗinsu. Robert Turlington, wani ɗan kasuwar Landan, ya sami irin wannan takarda a 1744 a kan wani ruwa mai mahaɗi 27 da ya ce yana maganin tsakuwar ƙoda da murɗar ciki da raunin jiki, kuma kwalabensa sun cika kantunan yankunan da Ingila take mulka a Amurka. Da yaƙin neman 'yanci ya katse jigilar kaya, sai masu kantin magani na gida suka riƙa tara tsofaffin kwalaben suna sake cika su da nasu haɗin, daga baya kuma suka fito da sunayen kansu. Kaɗan ne daga cikinsu suka nemi rajistar haƙƙin ƙirƙira, domin mai neman ta dole ne ya bayyana sirrin haɗinsa. Abin da suka fi tsarewa shi ne suna da siffar kwalba da takardar da ke manne a jikinta, saboda a nan kuɗin yake.

Sirrin da ake ɓoyewa bai wuce barasa da ofiyam ba a mafi yawan lokuta. Ofiyam daskararren ruwa ne da ake tatsa daga ƙoƙon furen wata shuka, kuma daga cikinsa ne wani Bajamushe mai haɗa magani, Friedrich Sertürner, ya tace sinadarin mofin a farkon ƙarni na 19. Da likita Alexander Wood ya fito da sirinji mai allura a Edinburgh a 1853, sai aka sami hanyar kai mofin cikin jiki kai tsaye, yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 kuma ya bar dubban sojoji da raunuka da gudawa mai daɗewa da sabon wannan magani. Sai dai ba a barikin soja kaɗai abin ya tsaya ba. Tun shekarun 1840 aka fara sayar da wani ruwan zaƙi mai suna Mrs. Winslow's Soothing Syrup daga garin Bangor na jihar Maine domin jariri mai fitar haƙori, da hoton uwa rungume da 'ya'yanta a kan tallarsa, kuma uwar da ta ɗura wa ɗanta cokali guda takan ga kuka ya tsaya nan take, ba tare da ta san cewa mofin ne ya kwantar da shi ba. Wasu jariran ba su sake farkawa ba, abin da ya sa ƙungiyar likitocin Amurka ta sanya shi cikin jerin masu kashe jarirai a 1911. Peruna, wanda Dokta Samuel Hartman yake haɗawa a Columbus ta jihar Ohio, barasa ce kashi 28 cikin 100, ta Hostetter's Bitters ta haura kashi 40, maganin mata na Lydia Pinkham da aka fara sayarwa a 1875 kuma yana da kusan kashi 20, amma duk da haka sun sami karɓuwa har a gidajen da ake yaƙi da shan giya, tun da sunansu magani. Masanin tarihi David Courtwright ya ƙiyasta cewa a tsakiyar shekarun 1890 kusan mutum 5 cikin kowane 1,000 na Amurkawa sun kamu da jarabar ofiyam ko mofin, kuma ya nuna cewa akasarinsu mata ne farar fata masu rufin asiri, waɗanda a hannun likita ko a kantin magani suka fara.

Hodar iblis da hiroyin ta wannan ƙofa suka shigo su ma. Lemon Coca-Cola, wanda John Pemberton ya haɗa a Atlanta a 1886, maganin ciwon kai da gajiyar ƙwaƙwalwa aka ce shi ne da farko, yana ɗauke da tatson ganyen koka da ake samun hodar iblis daga gare shi, kuma mai haɗa shi kansa tsohon soja ne da rauni ya jefa cikin jarabar mofin. Kamfanin Bayer na Jamus ya fito da hiroyin kasuwa a 1898 a matsayin maganin tari, ana yaba shi da cewa ya fi mofin da kodin aminci. Mai karatu a arewacin Nijeriya ba zai ji wannan baƙon labari ba, ganin cewa maganin tari mai kodin, wanda shi ma daga ofiyam aka samo shi, ya yi ta'adi a tsakanin matasa da matan aure har gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018.

Talla ita ce jarin sana'ar na gaskiya. Kamfanoni suna buga littattafan kalanda kyauta suna rabawa gida-gida, suna cika jaridu da wasiƙun mutanen da wai sun warke, suna kuma tura ayarin mawaƙa da masu wasan barkwanci ƙauyuka, inda bayan an tara jama'a wani mai doguwar hula da ake kira dokta zai hau keken doki ya fara yabon kwalbarsa. Clark Stanley ya yi suna da iƙirarin cewa ya tsaga macizai a gaban jama'a a bajekolin Chicago na 1893, ya dafa su, ya kwashe kitsensu a matsayin maganin sanyin ƙashi. Kamfanin Pinkham ya ci gaba da gayyatar mata su rubuto wa uwargida Pinkham matsalolinsu na sirri shekaru masu yawa bayan rasuwar Lydia a 1883, har sai da Edward Bok, editan mujallar Ladies' Home Journal, ya buga hoton kabarinta domin masu aiko da wasiƙu su gani. Jaridu kuwa an ɗaure musu baki da wani sharaɗi da ake bugawa da jan tawada a cikin yarjejeniyar talla, mai cewa yarjejeniyar ta warware da zarar jihar da jaridar take ta kafa dokar da ta taɓa waɗannan magunguna, don haka duk lokacin da irin wannan ƙudiri ya taso a majalisar jiha editoci ne kan gaba wajen kashe shi.

Mutum biyu aka fi danganta karya wannan lago da su. Harvey Washington Wiley, babban masanin sinadarai na ma'aikatar gona tun 1883, ya tara samari 12 a 1902 yana ciyar da su abinci mai sinadaran hana ruɓewa yana auna abin da ya same su, ɗan jarida Samuel Hopkins Adams kuma ya fara jerin maƙaloli a mujallar Collier's a watan Oktoban 1905, inda ya sayi magungunan ya kai aka gwada, ya kuma bi sawun masu wasiƙun shaida ya tarar wasunsu cutar da aka ce sun warke daga ita ce ta kashe su. Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a dokar tsabtar abinci da magani ranar 30 ga Yuni, 1906. Dokar ba ta hana sayar da ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ba, iyakarta ta ce in akwai barasa ko mofin ko ofiyam ko hodar iblis ko hiroyin ko wiwi da makamantansu a kwalba, to a rubuta a jikinta, kuma kada a yi ƙarya a rubutun. Ko wannan ɗin ma ya yi aiki, domin kamfanoni da dama sun gwammace su cire sinadarin da su rubuta sunansa. Amma a 1911 Kotun Ƙoli ta wanke wani Dokta Johnson na Kansas City mai sayar da maganin ciwon daji na bogi, bisa hujjar cewa dokar ƙarya a kan mahaɗin magani ta hana, ba ƙarya a kan abin da yake warkarwa ba. Gyaran da majalisa ta yi a 1912 ya haramta alkawarin ƙarya, sai dai ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar da cewa da niyyar zamba aka yi shi, wato mai magani zai kuɓuta muddin ya nuna shi ma ya yi imani da haɗinsa. Da aka gwada man macijin Stanley, an tarar da man ma'adinai da ɗan kitsen shanu da barkono da ƙamshin kafur, babu ko ɗigon kitsen maciji, kuma tarar da aka ci shi dala 20 ce.

Batun jaraba wata doka ce dabam ta ɗauke shi. Dokar Harrison ta Disambar 1914, wadda ta biyo bayan yarjejeniyar ofiyam ta ƙasa da ƙasa da aka ƙulla a Hague a 1912, dokar haraji ce a zahiri, mai tilasta wa likitoci da masu kantin magani yin rajista da ajiye lissafin duk abin da suka bayar. Jami'an baitulmali suka fassara ta da cewa likita ba shi da izinin ci gaba da ba wa mai jaraba ƙwayarsa don kawai ya zauna lafiya, Kotun Ƙoli ta goyi bayansu a 1919, aka gurfanar da dubban likitoci, aka kuma rufe kusan duk ɗakunan shan magani da birane suka buɗe wa irin waɗannan mutane kafin ƙarshen 1923. Daga nan mai jaraba ya tashi daga majinyaci ya koma mai laifi, cinikin kuma ya bar kanti ya koma bayan fage.

A daidai wannan zamani ɗaya hajar, wato ƙuruciya, ta sami rigar kimiyya. Ranar 1 ga Yuni, 1889, Charles-Édouard Brown-Séquard, babban malamin ilimin jiki mai shekara 72, ya shaida wa wata ƙungiyar masana a Paris cewa ya yi wa kansa allurar ruwan da ya matse daga marainan karnuka da ɓerayen Masar, kuma ƙarfinsa da kaifin tunaninsa sun dawo. Mutumin ba ɗan damfara ba ne, kuma tunaninsa cewa wasu gaɓoɓi suna zuba wa jini sinadarai masu sarrafa jiki shi ne tushen ilimin da a yau ake kira na homon, amma gwajin da aka sake yi daga baya ya nuna cewa abin da ke cikin ruwan nasa bai kai ya yi wani tasiri ba, sa rai ne kawai ya yi masa aiki, kuma ya rasu bayan shekara biyar. Cikin watanni kamfanoni suka cika kasuwa da kwaikwayon haɗinsa. A 1920 Serge Voronoff ya fara dasa wa tsofaffin attajirai yankan marainan biri a Faransa, a Vienna kuma tiyatar Eugen Steinach ta ɗaure jijiyar maniyyi ta ja hankalin manyan mutane irin su Sigmund Freud da mawaƙi W. B. Yeats.

Babu wanda ya mayar da wannan tunani kuɗi kamar John R. Brinkley, wanda da takardar shaidar likitanci ta saye ya buɗe asibiti a ƙauyen Milford na jihar Kansas a 1917, ya shiga dasa wa maza marainan bunsuru a kan dala 750, kuɗin da ya fi farashin sabuwar motar Ford a shekarun 1920. Majinyaci yakan je garken da ke bayan asibitin ya zaɓi bunsurun da ya kwanta masa, a fiɗiye bunsurun, a tsaga fatar marainan mutumin a cusa tsokar a ɗinke, alhali jiki ba ya karɓar naman wata dabba, iyaka ya narkar da shi ko wurin ya ruɓe. Hazaƙar Brinkley a wajen talla take. Ya kafa gidan rediyo a 1923, yana haɗa waƙoƙin karkara da wa'azi da bayanin lafiya, sannan ya ɓullo da shirin amsa wasiƙun masu sauraro, inda yake karanta alamomin ciwon wanda bai taɓa gani ba ya ce ya je ya sayi magani mai lamba kaza, wanda ba a samu sai a kantunan da suka yi rajista da shi suna kuma aiko masa da kamasho a kan kowace kwalba. Morris Fishbein, editan mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, ya yi shekaru yana farautarsa, kuma a 1930 hukumar likitocin Kansas ta ƙwace lasisinsa bayan an gabatar mata da takardun mutuwar mutum 42 da ya sa wa hannu, hukumar rediyo ma ta ƙi sabunta masa izini. Martaninsa shi ne tsayawa takarar gwamna a wannan shekara, ya kuma sami kusan kashi 30 cikin 100 na ƙuri'un da aka ƙirga duk da cewa sunansa ba ya kan takardar zaɓe, sai mai zaɓe ya rubuta da hannu. Daga nan ya koma Del Rio a jihar Texas, ya kafa wata tasha mai ƙarfin gaske a tsallaken kogi cikin ƙasar Meksiko inda dokar Amurka ba ta kai ba. Abin da ya kayar da shi a ƙarshe kuskurensa ne, domin shi ya kai Fishbein ƙara a kan ɓata suna, ya sha kaye a 1939 bayan an titsiye shi a gaban masu taya alƙali hukunci, waɗanda ya cuta suka yi masa rubdugu da ƙararraki, ya tsiyace a 1941, ya mutu a 1942 da tuhumar zamba ta gidan waya a wuyansa.

Labarin Radithor ya fi nuna inda dokar 1906 ta gaza. Ruwa ne da William Bailey yake sayarwa daga jihar New Jersey tun 1925 a kan dala 1 kowace 'yar kwalba, an narkar da sinadarin radiyam a ciki, wato ƙarfe mai fitar da tururin nukiliya, ana kuma cewa yana farfaɗo da gaɓoɓin da suka tsufa. Bailey yana ba likitan da ya rubuta wa majinyaci shi kamashon kashi 17 cikin 100. Eben Byers, attajirin masana'antar ƙarfe daga Pittsburgh, ya fara sha a 1927 bisa shawarar likita bayan ya ji ciwo a hannu, ya shanye kwalba wajen 1,400, radiyam ya taru a ƙasusuwansa har aka cire masa mafi yawan muƙamuƙinsa, ya rasu a watan Maris na 1932 yana da shekara 51. Hukumar abinci da magunguna ba ta da abin kamawa, domin kwalbar ta ce akwai radiyam kuma da gaske akwai shi. Hukumar kula da cinikayya ce ta dakatar da Bailey, ita ma bisa laifin tallar ƙarya.

Sai da yara suka mutu kafin majalisa ta motsa. A 1937 kamfanin Massengill na Bristol a jihar Tennessee ya so ya mayar da sabon maganin ƙwayoyin cuta mai suna salfanilamaid ruwa-ruwa domin masu wahalar haɗiyar ƙwaya, sai masanin sinadaransa ya narkar da shi a dayetilin gilaikol, wani ruwa mai ɗan zaƙi, dangin wanda ake zuba wa injin mota don kada ya daskare, wanda yake kashe ƙoda. An gwada ɗanɗano da ƙamshi da launi, ba a gwada guba ba, tun da doka ba ta nema ba. Mutum fiye da 100 suka mutu a jihohi 15, da yawansu yara, kuma laifin da aka iya kama kamfanin da shi kawai shi ne ya kira maganin da sunan da aka keɓe wa haɗi mai barasa alhali babu barasa a ciki. Dokar da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu a Yunin 1938 ta wajabta a nuna cewa sabon magani ba ya cutarwa kafin a sayar, ta kuma soke sharaɗin tabbatar da niyyar zamba. Wannan guba dai ita ce ta kashe yara fiye da 100 a Jos da Ibadan a 1990 ta hanyar ruwan farasitamol, shekara uku kafin a kafa hukumar NAFDAC, ta kuma sake kashe yara 84 daga ƙarshen 2008 ta hanyar maganin haƙori na My Pikin. Mataki na gaba a Amurka ya zo a 1962, bayan maganin talidomaid ya sa an haifi dubban jarirai da naƙasassun gaɓoɓi a Turai, Amurka kuma ta tsira da ƙyar saboda jami'a Frances Kelsey ta ƙi amincewa da shi, inda aka ƙara sharaɗin cewa sai gwaji mai tsari ya nuna magani yana aikin da aka ce yana yi.

Da aka kafa shirye-shiryen inshorar lafiya na Medicare domin tsofaffi da Medicaid domin marasa galihu a 1965, zambar ta sauya wanda take cuta, domin yanzu gwamnati ce mai biya, majinyaci kuma sau da yawa bai ma ga takardar kuɗin ba. Asibiti zai iya cajin aikin da bai yi ba, ko ya rubuta ƙaramin ciwo a matsayin babba, ɗakin gwaji kuma ya sayi likitoci domin su riƙa turo masa jini. Majalisa ta haramta bayarwa ko karɓar kamasho a kan tura majinyaci a 1972, ta mayar da shi babban laifi a 1977. Makamin da ya fi kaifi kuwa tsoho ne, wato dokar da Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1863 domin 'yan kwangilar da suke sayar wa sojoji alfadarai marasa lafiya da albarushi gauraye da dusar katako, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar shigar da ƙara a madadin gwamnati ya kuma sami rabo daga abin da aka ƙwato. An rage mata ƙarfi a 1943, Sanata Charles Grassley da ɗan majalisa Howard Berman suka farfaɗo da ita a 1986, suka sa mai laifi ya biya ninki uku na asarar, mai fallasa kuma ya karɓi kashi 15 zuwa 30 cikin 100. Hikimar dokar ita ce zambar da aka binne a cikin takardu sai ɗan gida ne yake iya tono ta. Ta wannan hanya ƙarar wani ma'aikaci, David Franklin, ta kai ga biyan dala miliyan 430 a 2004 a kan tallata maganin Neurontin domin cututtukan da ba a amince da shi a kansu ba, Pfizer ya biya biliyan 2.3 a 2009, GlaxoSmithKline kuma biliyan 3 a 2012.

Binciken gaskiya a kan tsawon rai yana tafiya a gefe, a hankali kuma ba da hayaniya ba. Clive McCay ya nuna a Jami'ar Cornell a 1935 cewa ɓerayen da aka rage wa abinci ba tare da hana su sinadaran gina jiki ba sun fi daɗewa, Leonard Hayflick ya gano a 1961 cewa ƙwayoyin halittar ɗan Adam suna da iyakar rabuwa, kimanin sau 50, Cynthia Kenyon ta ninka rayuwar wata 'yar tsutsa a 1993 ta hanyar sauya ƙwayar gado guda, a 2009 kuma aka ga maganin rafamaisin ya ƙara wa tsofaffin ɓeraye kwana. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka tabbatar yana tsawaita ran mutum, kuma ƙarin da Amurkawa suka samu, daga matsakaicin shekara 47 a 1900 zuwa kusan 79 a 2014, mafi yawansa ruwa mai tsabta da rigakafi da raguwar mutuwar jarirai da maganin cututtukan zuciya ne suka kawo shi. Amma kasuwa ba ta jiran hujja. Wani ƙaramin gwaji da Daniel Rudman ya wallafa a 1990, inda aka yi wa tsofaffi 12 allurar homon na girma tsawon wata shida tsokarsu ta ƙaru, ya haifar da ɗaruruwan asibitocin yaƙi da tsufa, duk da cewa a wannan shekara majalisa ta tanadi ɗauri ga mai rarraba wannan homon domin abin da ba a amince da shi ba. Wata doka ta 1994 kuma ta cire ƙarin abinci irin su bitamin da tatson ganye daga sharaɗin gwaji kafin sayarwa, muddin ba su ambaci sunan cuta ba, kuma tun da hukuma ba ta lissafa tsufa cikin cututtuka, mai kwalba yana da fili ya yi alkawarin kuzari da ƙuruciya ba tare da ya taka doka ba.

Ofiyam ma ya dawo, a wannan karo da hatimin hukuma. A Disambar 1995 aka amince wa kamfanin Purdue Pharma, mallakar iyalin Sackler, ya sayar da OxyContin, ƙwaya mai ɗauke da sinadarin oksikodon, dangin ofiyam, da aka tsara ta riƙa sakinsa a hankali cikin awa 12, aka kuma bar shi ya rubuta cewa ana kyautata zaton wannan jinkiri yana rage haɗarin shaye-shaye. Wakilan kamfanin suka bazu ofisoshin likitocin karkara suna cewa waɗanda suke kamuwa ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, adadin da ake jingina shi da wata wasiƙa mai jimla biyar da aka buga a wata mujallar likitoci a 1980 game da majinyatan da ke kwance a asibiti, ba masu shan ƙwaya a gida wata da watanni ba. Ba a daɗe ba mutane suka gane cewa in aka daka ƙwayar aka shaƙa ko aka narkar aka yi allura, duk abin da aka tanada domin awa 12 yakan shiga jini lokaci guda. Cinikin ya tashi daga dala miliyan 48 a 1996 zuwa sama da biliyan 1 a 2000, garuruwan masu haƙar kwal na yankin Appalachia da jihar Maine suka fara binne matasansu, da aka sauya haɗin ƙwayar a 2010 don ta yi wuyar dakawa kuma, waɗanda suka riga suka kamu suka koma hiroyin, daga baya fentanil. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga kusan mutum 500,000 da dangin ofiyam suka kashe daga 1999 zuwa 2019, kuma matsakaicin tsawon ran Ba'amurke, wanda aka saba ganin yana hawa, ya sauka daga shekara 78.9 a 2014 zuwa 78.6 a 2017, tun kafin annobar korona.

Doka ta kai ga Purdue sau biyu. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudarar likitoci a wata kotun tarayya da ke Abingdon ta jihar Virginia, ya biya kimanin dala miliyan 600, manyan jami'ansa uku suka biya miliyan 34.5 tare da aikin hidimar jama'a, babu wanda ya kwana a kurkuku, cinikin ƙwayar kuma ya ci gaba. A 2020 ya sake amsa manyan laifuka uku, ciki har da haɗa baki wajen biyan likitoci kamasho, aka sanar da tarar dala biliyan 8.3 wadda mafi yawanta a takarda ta tsaya, domin kamfanin ya riga ya shiga kariyar fatara a 2019, bayan masu shi sun kwashe fiye da biliyan 10 daga cikinsa a shekarun da suka biyo bayan shari'ar farko. Tarar da ba ta kai ribar da aka ci ba kuɗin gudanar da kasuwanci ce kawai, kuma hukunta shugabannin kamfani da kansu abu ne mai wuyar gani, shi ya sa ɗaurin wata 66 da aka yi wa John Kapoor na kamfanin Insys a 2020, a kan sayen likitoci domin su rubuta feshin fentanil, ya zama abin magana. A Yunin 2024 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta soke yarjejeniyar da za ta kare iyalin Sackler daga ƙararrakin waɗanda abin ya shafa, kuma har zuwa ranar wannan hukunci ba a gurfanar da ko mutum ɗaya daga cikin iyalin a kan tuhumar aikata laifi ba.